Jan Rubutu a Baƙin Allo: Abin da Ke Hana NetCDF Ginuwa

A watan Mayun 2020 aka fitar da GCC 10, sabuwar sigar manhajar da akasarin kwamfutocin Linux ke dogaro da ita wajen gina sauran manhajoji. Ba wani abin mamaki ba ne, kusan kowace shekara ana fitar da sabuwa. Amma ba a jima ba sai koke ya fara tashi daga ɗakunan binciken yanayi. Mutanen da suka yi shekaru suna gina laburaren NetCDF da manhajar hasashen yanayi ta WRF lami lafiya, sai ga allonsu ya cika da layi iri ɗaya: "Error: Type mismatch between actual argument at (1) and actual argument at (2)". Ba su taɓa ko harafi ɗaya a cikin rubutun ba, umarnin da suka buga kuma shi ne dai na jiya. Mai duba rubutun ne, wato GCC, ya wayi gari ya daina kawar da kai daga abin da ya daɗe yana gani.

NetCDF tsari ne na adana bayanan kimiyya a cikin fayil, haɗe da laburaren da ke karanta fayil ɗin da rubuta shi. Cibiyar Unidata da ke garin Boulder a jihar Colorado ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980, kuma har yau ita ke kula da shi. An yi shi ne don bayanan da ke da tsawo da faɗi da lokaci: ruwan da ya sauka a kowane yanki na taswira, kowace rana, tsawon shekaru arba'in. Fayil ɗin na ɗauke da bayanin kansa, wato sunan abin da aka auna, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da wurin, da ranar. Bayanan ruwan sama na CHIRPS da suka faro daga 1981, da na TAMSAT da Jami'ar Reading ta Ingila ke tattarawa kan Afirka tun daga 1983, da na ERA5 da suka koma baya har 1940, duk ana samunsu a wannan tsari. Saboda haka ɗalibin da ke nazarin jinkirin damina a Kano ko Maraɗi, da masanin da ke aiki a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, ko ba daɗe ko ba jima sai sun yi arba da fayil mai ƙarewa da .nc.

Laburare a nan ba ɗakin littattafai ba ne. Tarin ƙananan ayyuka ne da wasu suka riga suka rubuta, kamar "buɗe fayil" ko "ɗauko zafin ranar kaza", wanda kowace manhaja ke iya kira ba sai ta sake rubuta nata ba. An rubuta su da harsunan C da Fortran, waɗanda mutum ke iya karantawa amma inji ba ya iyawa. Kwamfaila, irin GCC, ita ce manhajar da ke juya wannan rubutu zuwa lambobin da inji ke ganewa. Juyawar nan, daga farko har ƙarshe, ita ake kira gini.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mutum wannan wahala alhali ana iya sauke NetCDF ginanne da umarni ɗaya? Gaskiya ne, kuma duk wanda bukatarsa ba ta wuce buɗe fayil ya zana taswira ba, gara ya bi ta nan ya huta. Amma akwai waɗanda ba su da zaɓi. A babbar kwamfutar jami'a da mutane da yawa ke rabawa, ba kowa ke da izinin girka abu ba, sai dai ya gina nasa a cikin foldarsa. Manhajoji irin su WRF ta cibiyar NCAR, da RegCM ta cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda masu binciken yanayin Afirka ta Yamma suka daɗe suna amfani da ita, ana raba su ne a matsayin ɗanyen rubutu. Kuma suna bukatar laburaren da aka gina da irin kwamfailar da za a gina su da ita.

Ginin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai zlib, ƙaramin laburaren matse bayanai da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995. A kansa HDF5 ke zaune, wanda ya fito daga cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a 1998. Tun daga 2008, lokacin da aka fitar da NetCDF-4, sabon tsarin fayil ɗin a kan HDF5 yake. Sai NetCDF na C, sai NetCDF na Fortran a kansa, sannan manhajar hasashen a can ƙoli. A kowane hawa ana bin matakai huɗu: configure ya binciki kwamfutar ya ga abin da take da shi, make ya yi ginin, make check ya gwada abin da aka gina, make install ya kai shi mazauninsa. Kuskuren da aka yi a hawa na biyu sau da yawa sai a hawa na biyar yake nuna kansa, kuma da wata kama dabam.

Layin farko, ba na ƙarshe ba

Idan gini ya rushe, idon sabon shiga kan faɗa ne a kan layin ƙarshe, wanda yawanci yake cewa "make: *** [all] Error 2". Wannan layi ba ya ɗauke da komai sai sanarwar cewa wani abu ya lalace a wani wuri. Lamarin kamar cunkoson motoci ne a bakin kasuwa: masu danna hon a can baya sun fi kowa hayaniya, amma tirelar da ta mutu tana can gaba. Fayil ɗaya da ba a samu ba na iya haifar da ƙorafi ɗari biyu, kuma guda ɗaya ne kawai na gaske, na farkon.

Shi ya sa gwanayen abin ba sa barin rubutun ya wuce a allo. Sukan tura shi cikin fayil da umarni irin make > gini.log 2>&1, sannan su nemi kalmar error ta farko da grep. Ɗan guntun nan 2>&1 yana da muhimmanci, domin ƙorafin kwamfaila ta wata kafa dabam yake fita, kuma idan ba a haɗa kafofin biyu ba sai a sami fayil mai tsabta wanda babu abin da ake nema a ciki. Haka kuma wanda ya yi gini da make -j8, wato ayyuka takwas a lokaci guda don sauri, zai tarar da saƙonnin sun cakuɗe. Sai ya maimaita da aiki ɗaya-ɗaya kafin ya ga inda abin ya fara.

WRF ta ƙara wa lamarin gishiri. An tsara gininta ya ci gaba ko da wani fayil ya faɗi. Mutum zai zauna ya jira tsawon lokaci, rubutu na ta gudu kamar komai lafiya, sai a ƙarshe ya ga an ce an sami matsala wajen haɗa manhajar, ya duba foldar main ya tarar babu wrf.exe babu real.exe. Abin da ya jawo hakan kuwa tun mintunan farko ya faru.

Da yawa daga abin da ake kira kuskuren kwamfaila ma tun kafin a fara gini yake aukuwa, a matakin configure. Shahararre a ciki shi ne "C compiler cannot create executables". Mai gani zai ɗauka kwamfailar ce ta lalace, alhali mafi yawan lokuta harafi ne aka rubuta ba daidai ba a cikin saitin CFLAGS ko LDFLAGS, ko aka ambaci laburaren da babu shi. Cikakken bayanin na cikin fayil ɗin config.log, sai dai karanta shi ma sai an koya. Ƙarshensa jerin saituna ne kawai marasa amfani ga mai neman dalili. Tsakiyarsa kuma cike take da kalmar error da ba matsala ba ce, domin aikin configure ke nan: ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja, ya gwada gina ta, idan ta faɗi ya rubuta a littafinsa cewa wannan kwamfuta ba ta da abu kaza, ya wuce. Abin nema shi ne gwajin ƙarshe da ya faɗi dab da inda configure ya tsaya. A nan za a ga ainihin umarnin da aka ba kwamfaila da ainihin amsar da ta bayar.

Yana nan, amma ba a gan shi ba

Saƙon da ya fi kowanne yawa wajen gina NetCDF shi ne wanda ke cewa ba a iya samun laburaren hdf5 ko haɗuwa da shi ba, ko ɗan'uwansa "hdf5.h: No such file or directory". Mutum ya rantse ya girka HDF5, kuma bai yi ƙarya ba. Kowane laburare kashi biyu ne: fayilolin heda masu ƙarewa da .h, waɗanda ke gaya wa kwamfaila sunayen ayyukan da abin da kowanne ke karɓa, da kuma jikin laburaren mai ƙarewa da .so ko .a. A tsare-tsaren Linux na Debian da Ubuntu ana raba su gida biyu, kuma hedar tana cikin kunshin da sunansa ke ƙarewa da -dev, kamar libhdf5-dev ko zlib1g-dev. Bayan haka, waɗannan tsare-tsare ba sa ajiye hdf5.h a inda kwamfaila ta saba dubawa. Suna sa shi a /usr/include/hdf5/serial, domin su bar wuri ga wata sigar mai aiki da injuna da yawa. Kwamfaila ba ta yawon nema a cikin kwamfuta. Wurare ƙalilan ta sani, sauran sai an nuna mata: -I a cikin CPPFLAGS don heda, -L a cikin LDFLAGS don jikin laburaren.

Saƙon configure ɗin ma yakan ba da shawarar a kashe NetCDF-4 idan an gaji. Shawara ce mai daɗin bi, ginin kuma zai wuce. Sai ranar da aka sauko da fayil ɗin ERA5 ko na wata cibiya da aka rubuta a sabon tsari, laburaren ya ce bai san wannan irin fayil ba.

Bayan kwamfaila ta juya kowane fayil, akwai wata manhaja, linka, mai ɗinke gutsattsarin su zama abu ɗaya. Kukanta guda ne: "undefined reference to", sai sunan wani aiki. Ma'ana an kira aiki amma ba a ga jikinsa ba. Sunan da ta ambata shi ne mabuɗin. Idan ya fara da H5, HDF5 ne ba a haɗa ba. Idan inflate ne ko deflate, zlib ne. Idan ya fara da curl, laburaren da NetCDF ke amfani da shi wajen ɗauko bayanai ta intanet ne. Kuma jeri yana da tasiri, musamman ga laburare masu ƙarewa da .a, domin linka daga hagu zuwa dama take karatu ba ta waiwaye. Mai bukata ke zuwa gaba, wanda ake bukata ya biyo baya: -lnetcdff -lnetcdf -lhdf5_hl -lhdf5 -lz. A juya biyu daga ciki, duk fayilolin na nan amma ginin ya ƙi.

Harafin f na biyu a cikin -lnetcdff ya ci wa mutane da yawa dare. Har zuwa siga ta 4.1.3 ta 2011, kunshi ɗaya ne ke ɗauke da ɓangaren C da na Fortran. Daga 4.2 a 2012 aka raba su, kowanne da lambarsa da ranar fitowarsa. Tsofaffin takardun koyarwa da ake ta miƙa wa juna a sassan jami'o'i ba su san da rabuwar ba. WRF kuwa tana so ta tarar da su biyun a ƙarƙashin folda ɗaya, wadda saitin NETCDF ke nunawa.

Fortran na da nata halin. Kowace kwamfaila da yadda take laƙaba wa ayyuka suna a ɓoye. Aikin da mai rubutu ya sani da nf90_open, gfortran, kwamfailar Fortran ta GCC, na kiransa __netcdf_MOD_nf90_open, kwamfailar Intel kuma netcdf_mp_nf90_open_. Wanda ya gina laburare da ɗaya ya zo gina manhaja da ɗayar, linka za ta nemi sunan da ba ya nan. Umarnin nm na nuna sunayen da ke cikin laburare, kuma kallo ɗaya ya isa a gane wace kwamfaila ce ta gina shi. Ko a gida ɗaya ma ba a tsira ba: fayil ɗin netcdf.mod da tsohuwar gfortran ta samar, sabuwa na iya ƙin karanta shi, ta ce wata sigar GNU Fortran ce dabam ta yi shi. Wannan ba shi da wata dabara. Sai an sake gina NetCDF na Fortran da kwamfailar da za a yi aikin da ita.

Akwai kuma wanda ya fi ban haushi, domin gini ya kammala, an yi murna, sai wajen tayar da manhajar ta mutu da dogon gargaɗi cewa sigar HDF5 ta heda ba ta yi daidai da ta laburare ba. Wato HDF5 biyu ne ko uku a kwamfutar: na tsarin Linux ɗin, da wanda mutum ya gina, da wanda manhajar Anaconda ta shigo da shi ba tare da sallama ba. An yi gini da hedar wannan, wajen aiki aka ɗauko jikin wancan. Umarnin which nc-config da ldd kan tona asirin cikin daƙiƙa. Gargaɗin da kansa yana faɗin yadda za a rufe masa baki, ta saitin HDF5_DISABLE_VERSION_CHECK. Mai hankali ba ya bin wannan hanya da bayanan da zai rubuta digiri a kansu.

Tsohon rubutu, sabuwar doka

A koma ga abin da ya faru a 2020. Fortran tsohon harshe ne, John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar da shi a 1957, kuma dubban layukan da ke cikin manhajojin yanayi an rubuta su ne da salon Fortran 77. A wancan salo babu hanyar da mai rubutu zai ce "wannan aiki yana karɓar kowane irin bayani". To amma ana bukatar hakan. Aikin da ke aika bayani daga wani inji zuwa wani a tsarin MPI, yanzu za a miƙa masa cikakkun lambobi, an jima a miƙa masa lambobi masu ɗigo, shi kuwa bai damu ba, adireshin inda bayanin yake kawai yake so da yawansa. A ƙa'idar harshen wannan laifi ne. A aikace kowa na yi, kwamfailoli kuma na yin shiru. Daga GCC 10, idan gfortran ta ga an kira aiki ɗaya sau biyu a fayil guda da kaya iri biyu, sai ta tsayar da gini.

Maganin da ya bazu shi ne ƙara -fallow-argument-mismatch a cikin FFLAGS da FCFLAGS, wanda ke mayar da kuskuren ya koma gargaɗi. Wasu tsofaffin sigogin WRF na bukatar -fallow-invalid-boz ma. Sigogin NetCDF na Fortran da na WRF da suka fito daga baya suna sa wannan da kansu, don haka wanda ya sauko da sabuwar siga ba zai ma san an yi ba. Sai dai akwai tarko: gfortran 9 da waɗanda suka gabace ta ba su san wannan umarni ba. Wanda ya kwafo shi daga takardar abokinsa ya sa a tsohuwar kwamfuta, configure zai ce masa kwamfailar Fortran ba ta aiki sam. Kuma da yake Ubuntu 20.04 da GCC 9 ta zo, Ubuntu 22.04 kuma da GCC 11, mutane da yawa sai bayan shekara biyu suka yi karo da matsalar, ranar da aka sabunta musu kwamfuta.

Shin masu GCC sun kyauta? Masu bincike da yawa sun ji haushi, kuma suna da hujja: rubutun na aiki. Amma ƙorafin nan da ke damun wanda ya karya doka da gangan shi ne kuma ke kama wanda ya karya ta da kuskure, ya miƙa cikakkiyar lamba inda ake jiran mai ɗigo, sakamako ya fito a karkace ba wanda ya lura. Wanda ya sa umarnin yafiya ya yafe duka biyun. Ga sanannen laburare da dubban mutane suka gwada, haɗarin kaɗan ne. Ga rubutun da ɗalibi ya gada daga malaminsa, wanda shi ma ya gada daga nasa malamin, ya kamata a zauna a karanta gargaɗin ɗaya bayan ɗaya.

Harshen C ya sami nasa rabon a watan Mayun 2024 da fitowar GCC 14. A tsohon C, mutum na iya kiran aikin da bai gabatar ba, kwamfaila ta ɗauka cewa cikakkiyar lamba zai dawo da ita. Ƙa'idar C ta 1999 ta soke wannan, amma GCC ta yi shekara ashirin da biyar tana gargaɗi kawai. Illar ba ta wasa ba ce. A kwamfutocin yau adireshin wuri a ma'adana bit 64 ne, cikakkiyar lamba ta yau da kullum kuwa bit 32. Idan aikin adireshi ya dawo da shi aka karɓe shi a matsayin lamba, rabinsa ya tafi. Yanzu "implicit declaration of function" kuskure ne mai tsayar da gini, haka ma "incompatible pointer type". Masu kwamfutar Apple sun riga kowa ɗanɗanawa tun 2020 da fitowar Xcode 12.

Abin da ya fi tayar da hankalin masu kula da tsare-tsaren Linux na Fedora da Gentoo, waɗanda suka ɗauki lokaci mai tsawo suna gyara ɗimbin kunshin manhajoji kafin sauyin, ba ginin da ke rushewa ba ne. Wanda ke wucewa ne. Ƙananan gwaje-gwajen da tsohon configure ke rubutawa su ma da tsohon salon C aka yi su. Sabuwar kwamfaila ta ƙi gwajin saboda salonsa, configure ya fassara ƙin da cewa kwamfutar ba ta da abin da ake tambaya, ya kashe wannan ɓangare ya wuce. A ƙarshe a sami laburare da ya ginu ba ko jan layi ɗaya, amma da wani sashe nasa a rufe. Shekara guda bayan haka GCC 15 ta koma bin ƙa'idar C23 kai tsaye, inda bool ta zama keɓaɓɓiyar kalma, sai wani rukunin tsofaffin rubutu ya sake faɗuwa, masu gini suka koma ƙara -std=gnu17.

Laburaren kansu ma suna sauya fuska. HDF5 1.12 ta 2020 ta canja abin da wasu ayyukanta ke karɓa, sai tsofaffin manhajoji suka fara kukan "too few arguments to function". Masu HDF5 sun tanadi mafita, -DH5_USE_110_API, mai dawo da tsohuwar fuskar.

Abin da ba ruwansa da rubutu

Wani lokaci laifin ba na rubutu ba ne ba kuma na kwamfaila ba. Saƙon da ke cewa an kashe shirin f951, ko cc1plus, da kalmar Killed a ciki, yana nufin RAM ta cika, Linux ta zaɓi mafi cin wuri ta kashe. Wasu fayilolin WRF manya ne ƙwarai, kuma ƙaramar laftof da aka ce ta gina huɗu a lokaci guda ba za ta kai labari ba. A rage zuwa ɗaya, sau da yawa shi ke nan.

Inda wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, gini kan yanke a tsakiya ya bar fayil rabi. Da aka dawo, make na iya ganin fayil ɗin yana nan kuma sabo ne, ya ɗauka an gama shi, sai linka ta zo ta ce fayil ya gutsure ko ba ta gane shi ba. Make clean ne maganinsa, ko ma a goge foldar a sake warware kunshin. Inda intanet ke yankewa, kunshin da aka sauke kan zo a gutsure, tar ya ce "unexpected end of file". Gwada shi da sha256sum kafin a fara ya fi sauƙi. Rubutun da ya bi ta Windows kan ɗauko wani ɓoyayyen harafi a ƙarshen kowane layi, sai a ga "bad interpreter" da ^M a gefensa, dos2unix ya share shi. Folda mai sarari a sunanta, irin "Sabon Aiki", ta isa ta rikita make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs tun 1976 lokacin da ba wanda ke sa sarari a sunan fayil.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne make check, domin gwajin HDF5 na ɗaukar lokaci, mutum kuma ya riga ya gaji. Nan ne kuwa kaɗai ake tambayar ko abin da aka gina yana ba da amsa daidai. Kwamfaila nahawu take dubawa, ba gaskiyar lissafi ba. Misali, mai son sauri kan sa -Ofast ko -ffast-math, wanda ke ba kwamfaila izinin ɗauka cewa babu NaN a cikin lambobin, wato alamar nan ta "ba lamba ba" da fayiloli da yawa ke sawa a gurbin ranar da ba a yi awo ba. Da wannan izini tana iya cire layin da ke duba alamar ɗungurungum. Shi kuwa NetCDF, inda ba a rubuta komai ba yakan cike gurbin da 9.96921e+36, kusan lamba 1 mai sifili 37 a bayanta. Idan wannan ta sulale cikin lissafin matsakaicin ruwan sama za a gane nan take, don amsar ba za ta shiga hankali ba. Ɓarnar da ke da wuyar kamawa ita ce ƙarama, wadda ke ba da lambar da ta yi kama da gaskiya.

Wahalar nan ta sa manyan cibiyoyi sun ƙirƙiro manhajojin da ke yin ginin da kansu. Spack, wadda Todd Gamblin ya faro a ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka a 2013, da EasyBuild ta Jami'ar Ghent a Beljiyam, suna riƙe da bayanin wace siga ke tafiya da wace, da wane ƙarin umarni kowace kwamfaila ke bukata. Wasu kuma sukan ɗauko komai a ƙunshe cikin Docker ko Apptainer. Suna rage aiki sosai, amma suna cin data da wurin ajiya, kuma ranar da suka faɗi, config.log ɗin nan dai shi za su miƙo.

Idan abin ya gagara aka kai ƙara ga masu laburaren, hoton layin ƙarshe da aka ɗauka da waya ba ya taimakon kowa. Abin da suke tambaya kullum ɗaya ne: wane Linux, me gcc --version da gfortran --version suka ce, wace sigar HDF5 da NetCDF, ainihin layin configure da aka buga, da config.log ɗin gaba ɗayansa. Laburaren ma suna ajiye tarihin gininsu. NetCDF na barin fayil mai suna libnetcdf.settings, nc-config --all na zayyano abin da aka kunna da abin da aka kashe, h5cc -showconfig na yin haka ga HDF5. Tun daga siga ta 4.4.1 ta 2016, duk fayil ɗin NetCDF-4 da aka rubuta yana ɗauke da wani ɓoyayyen layi mai suna _NCProperties, inda aka rubuta sigar NetCDF da ta HDF5 da suka samar da shi. Umarnin ncdump -hs ke fito da shi, kuma da shi ake gane ko fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa a wata kwamfuta daga laburaren da mutum ya gina ya fito, ko daga wani da ya shiga gabansa a ɓoye.